Yadda kwamfuta ɗaya ke riƙe imel na ƙungiyoyi da yawa, da abin da ya kamata a tambaya kafin a shiga

Jama'a, a yau kusan duk hulɗarmu da ƴan uwa mazauna ƙetare ta WhatsApp take tafiya. Gaisuwa, hoton jariri, sanarwar biki ko ta rasuwa, duk nan ne. Amma ranar da maganar takarda ta taso, sai ka ji an ce a aiko ta imel. Ɗalibi mai neman gurbin karatu a waje, ƙungiyar manoma mai neman tallafin wani porje, ƴan gari mazauna Abijan ko Kwatano da ke son aiko takardun gina rijiya, kowa sai an tambaye shi adireshin imel. Kuma adireshin da ke ɗauke da sunan ƙungiya ya fi kwantar da hankalin mai aiko kuɗi, a kan wanda mutum ɗaya ya buɗe da sunansa.

Sai dai ƙaramar ƙungiya ba ta da ƙarfin sayen kwamfutar wasiƙu ta kanta, ta ɗauki ma'aikaci, ta biya wuta da intanet. Shi ya sa za ku ga wani matashi masanin kwamfuta, ko wani kamfani, ya zo ya ce: ku zo in haɗa ku wuri ɗaya, ku da gidan rediyo da likita da ƙungiyar mata, kowa da sunansa. Wannan abu ne mai yiwuwa, haka ake yi ko'ina a duniya. Kwamfutar da ke karɓar wasiƙu tana rarrabawa ana ce mata sabar, wasu su ce uwar garke, kuma guda ɗaya tana iya riƙe ɗaruruwan sunaye. To amma zaman gidan haya ne: zaure ɗaya, rijiya ɗaya, makullai a hannun mai gida. Ya kyautu shugabannin ƙungiyoyi da masu tura masu kuɗi daga waje su san yadda abin ke aiki tun kafin su ɗauko kayansu su shiga.

Adireshi kashi biyu ne

A kowane adireshin imel akwai wata alama kamar harafin a da wutsiya ta naɗe shi: @. Masu Faransanci na ce mata arobaz. Wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, shi ya zaɓe ta a 1971 don ta raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake ciki. Har yau aikinta ke nan. Abin da ke hagunta sunan akwati ne. Abin da ke damanta sunan gida ne, shi ake kira domen.

Bari mu ƙirƙiro sunaye uku don misali kawai: manoma-misali.ne, rediyo-misali.ne da likita-misali.org. Idan an rubuta sakatare@manoma-misali.ne, ana nufin akwatin sakatare a gidan manoma. Wutsiyar nan .ne ta Nijar ce, kamar yadda .ng take ta Najeriya, .gh ta Gana, .td ta Cadi. Kamfanin Sonitel aka damƙa ma kula da .ne, shi ne kuma aka haɗe da SahelCom a 2016 aka samu Niger Telecom. Su .org da .com ba na wata ƙasa ba ne, kowa na iya ɗauka.

Abu biyu za ku riƙe a nan. Na farko, domen haya ake yi shekara-shekara, in ba a sabunta ba ya suɓuce. Na biyu, a aikace haruffan boko marasa ƙugiya ake sawa cikin adireshi. Ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba kowace na'ura ke gane su ba a wannan wuri, don haka ƙungiya ta koma kungiya, ma'aji ya koma maaji. Duk mai karanta adireshi a rediyo ko a salula ya riƙa faɗin wannan, domin harafi ɗaya in ya kauce, wasiƙa ta ɓata.

Yadda wasiƙa ke gane gida

Domen suna ne zalla, kamar allon da ake kafawa a ƙofa. To in wani a Abijan ya rubuto ma sakataren manoma, ta yaya wasiƙar ke sanin na'urar da za ta nufa? Akwai wani babban kundin sunaye a intanet da ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha: ka ce masa ina motar Dakoro, ya nuna maka. Kowane domen na da shafinsa a kundin, kuma cikin shafin akwai wani layi mai suna MX, wanda ke cewa wasiƙun wannan gida, sabar kaza za a kai ma.

Sirrin haɗa ƙungiyoyi da yawa wuri ɗaya a nan yake. Manoma su rubuta a layinsu na MX cewa a kai ma sabar kaza. Rediyo su rubuta ita. Likita ma su rubuta ita. Sunaye uku, ƙofa ɗaya. Ana iya rubuta sabar fiye da ɗaya, kowace da lamba a gabanta, misali 10 da 20. Mai ƙaramar lamba ake fara ƙwanƙwasa ma, in ba ta amsa ba a wuce ga ta biyu.

Da na'urar mai aikowa ta iso, sai su gaisa da tamu bisa wata ƙa'ida da ake kira SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982. Baƙuwar ta ce: ina ɗauke da wasiƙa zuwa ga wane. Tamu ta duba jeri biyu. Wannan domen yana cikin waɗanda nake riƙe? Wannan akwati akwai shi a gidan? In amsa ta zama e, ta karɓa. In babu, ta ƙi tun daga ƙofa, mai aikowa ya samu sanarwa nan take cewa adireshin bai yi ba. Sabar da aka tsara da kyau haka take yi. Wadda ke karɓar komai sannan daga baya ta riƙa mayarwa tana jawo ma kanta baƙin jini, domin masu aika saƙonnin banza adireshin ƙarya suke sawa, sai mayarwar ta faɗa kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Hanyoyi uku na raba ɗakuna

A cikin sabar, ma'aikacin na da zaɓi uku, kuma nan ne ake yin kuskuren da ya fi ciwo.

Hanya ta farko ita ce tsohuwar hanya. A gaya ma na'ura cewa duk sunayen nan nata ne, sai ta daina duba abin da ke bayan arobaz, ta riƙa duba sunan akwati kawai. Ke nan sakatare@manoma-misali.ne da sakatare@likita-misali.org akwati ɗaya za su faɗa. In ƙungiya ɗaya ce mai sunaye biyu, ɗaya da .ne ɗaya da .org, wannan daidai ne, har ma ya fi sauƙi. Amma in ƙungiyoyi ne dabam-dabam, to an zuba hatsin gida biyu a rumbu guda. Sakamakon gwajin wani maras lafiya na iya faɗawa hannun sakataren manoma, takardar bashin manoma ta je likita. Babu wanda ya yi sata, tsarin ne bai dace ba.

Hanya ta biyu ita ce turawa. A nan babu akwati a sabar, adireshin laƙabi ne kawai. Duk abin da ya zo ma shugaba@rediyo-misali.ne sai a wuce da shi wani akwati, misali Gmail na shugaban. Tana da amfani babba: adireshi ɗaya na iya tura ma mutum uku. Ƙungiyar da ke karɓar gudummawa daga ƴan ci-rani na iya tsara cewa duk wasiƙar da ta zo adireshin kuɗi, shugaba da ma'aji da sakatare su gan ta tare, ba a bar mutum ɗaya da labarin kuɗin jama'a ba. Aibinta kuwa, ranar da aka yi zaɓe aka canja shugaba, tsofaffin wasiƙu duk suna cikin salular tsohon. In an rabu ba daɗi, tarihin ƙungiya ya tafi da shi. Sannan wasiƙar da aka tura ta biyo ta hannun wani, manyan kamfanoni kan yi mata kallon tuhuma, za mu ga dalili nan gaba.

Hanya ta uku ita ce wadda ta dace da gidan haya: kowane domen da ɗakinsa, kowane akwati da makullinsa. Mutum na shiga da cikakken adireshinsa da kalmar sirri, kuma sakataren manoma ba ya ko ganin ƙofar sakataren likita. Ana iya yanka ma kowane akwati iyakar abin da zai ɗauka, don kada mai tara hotuna ya cika ma kowa wuri. Galibi ana haɗa ta uku da ta biyu: akwatuna na gaske ga muƙamai, laƙabi ga abin da ake son mutane da yawa su gani. Shawara a nan, a buɗe akwati da sunan muƙami: shugaba, sakatare, ma'aji. Mutum ya sauka, a canja kalmar sirri, akwati ya zauna.

Akwai kuma abin da wasu ke roƙo, wai a yi masu akwatin da zai kwashe duk wasiƙar da ta zo domen ɗinsu ko da an yi kuskuren suna. Da jin sa kamar dabara ce, amma masu saƙonnin banza cankar sunaye suke yi, cikin ƴan watanni akwatin ya zama juji. Adireshi ɗaya ne ƙa'ida ta wajabta ma kowane domen, shi ne postmaster, inda sauran na'urorin duniya ke kawo ƙorafi. A tabbata akwai mai duba shi.

Masu aikin cikin gida

Manhajojin da ke wannan aiki, sanannu daga cikinsu kyauta ne. Postfix, wadda wani ɗan ƙasar Holand, Wietse Venema, ya rubuta lokacin yana aiki da kamfanin IBM a Amurka, ta fito a ƙarshen 1998. Ita ce mai tsaron zaure: ta karɓa, ta aika, ta ƙi wanda bai cancanta ba. Dovecot, wadda Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland ya fitar a 2002, ita ce mai kula da akwatuna, ita ke buɗe maka in ka kawo kalmar sirri. Akwai kuma Exim, da aka rubuta a jami'ar Kambirij ta Ingila a 1995. Don haka in ma'aikaci ya kawo maku lissafi, kuɗin da za ku biya na hayar na'ura ne, da domen, da ladan mai kula.

Sabar na da ƙofofi masu lamba. Ƙofa ta 25 ta na'urori ce tsakaninsu. Ta 587 ta ƴan gida ce masu son aika wasiƙa, sai da kalmar sirri. Ta 993 ita ce salularka ke bi ta karanto akwati a rufe, ba mai leƙe a hanya. Wajen karantawa akwai tsari biyu. IMAP na barin wasiƙu a sabar, ka gan su a salula, ka gan su a kwamfutar buro. POP kuwa yawanci kwasowa yake yi ya sauke cikin na'ura ɗaya, in salular ta faɗa rijiya ko aka sace ta, shi ke nan. Ga ƙungiya, IMAP ya fi.

Wani abin da ke yawan ba mutane haushi shi ne nauyin takarda. Postfix, in ba a taɓa ta ba, tana tsayawa ne wajen megabait 10 ga kowace wasiƙa, Gmail kuma 25 yake bari a liƙa. Sannan duk abin da aka liƙa nauyinsa na ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya. Takardun porje da aka ɗauka hoto shafi-shafi na iya wuce iyaka. A tambayi ma'aikaci nawa ya sa.

Kowane gida da hatiminsa

Karɓar wasiƙa ya fi aika ta sauƙi. Ƙa'idar 1982 an yi ta ne zamanin da masu intanet kaɗan ne kuma sun san juna, ba ta hana wani ya rubuta sunan wani a matsayin mai aikowa. Ƴan damfara sun ci kasuwa da wannan. Shi ya sa daga baya aka ƙaro shaidu uku, kuma kowane domen sai an yi masa nasa, ko da sabar ɗaya ce.

SPF jeri ne a shafin domen cikin kundin DNS, yana cewa ga na'urorin da na yarda su aika da sunana. DKIM hatimi ne da sabar ke buga ma kowace wasiƙa, mai karɓa ya gwada shi da samfurin da aka ajiye a kundin, in an taɓa wasiƙar a hanya hatimin ya ƙi dacewa. DMARC kuwa umarni ne daga mai domen: in wasiƙa ta zo da sunana ta kasa waɗannan gwaje-gwaje, ku bar ta ta wuce, ko ku jefa ta kwandon banza, ko ku ƙi ta. Dalilin tuhumar wasiƙar da aka tura ke nan: ta fito daga na'urar da ba ta cikin jerin SPF na mai wasiƙar na asali.

Akwai na huɗu, shi kuma na sabar ne ita kanta. Kowace na'ura a intanet na da lamba da ake kira IP, kuma ana son in an tambayi kundin wannan lamba ta wa ce, ya ba da sunan sabar, sunan kuma ya komo ga lambar. Kamfanin da ya ba da lambar shi ke gyara wannan.

Tun watan Fabrairun 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka ƙara tsanani. Duk mai aika ma Gmail sai ya kasance da SPF ko DKIM, mai aika wasiƙa 5000 ko fiye a rana kuwa sai ya haɗa duka ukun. Tunda yawancin ƴan uwanmu na waje Gmail gare su, domen da aka manta ba a yi ma waɗannan ba, wasiƙarsa na iya komowa ko ta kwanta a kwandon banza. Ku nan kuna cewa mun aika, su can suna cewa ba mu gani ba, har zargi ya shiga tsakani. Gwajin ba wuya: daga kowane domen a aika wasiƙa zuwa wani Gmail, a ga inda ta sauka.

Wake ɗaya

Duk ƙungiyoyin da ke sabar ɗaya galibi da lambar IP ɗaya suke fita duniya. Akwai hukumomi masu zaman kansu, irin su Spamhaus da aka kafa a 1998, da ke tara lambobin da saƙonnin banza ke fitowa daga gare su, kuma na'urori da yawa na duba wannan baƙin jeri kafin su karɓi wasiƙa. To a ce sakataren wata ƙungiya ya sa 123456 a matsayin kalmar sirri, ko ya samu wasiƙar yaudara mai cewa za a rufe akwatinka, shigar da kalmarka nan, shi kuma ya shigar. Cikin dare ɗaya ɓarayi sun aika dubban saƙonni da akwatinsa. Da safe lambar ta shiga baƙin jeri. Wasiƙar likita ta neman magani ta komo, ta manoma ta komo, ta rediyo ta komo. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Fita daga jerin na yiwuwa, amma sai an toshe ɓarakar an nemi a cire, kuma kafin manyan kamfanoni su sake sakin jiki da lambar ana ɗaukar lokaci. Rigakafin kuwa sananne ne: kalmar sirri doguwa, kowa da tasa, ba a rubuta ta a bangon buro. A ƙayyade yawan wasiƙun da akwati ɗaya zai aika a awa. A rufe akwatin duk wanda ya bar aiki. Kuma sabar kada ta yarda ta ɗauki wasiƙar baƙo zuwa ga baƙo. Wadda ba ta da kalmar sirri, kuma ba domen ɗin gida ta nufa ba, a ƙi ta.

In wuta ta ɗauke fa?

Sabar ba ta barci, dare da rana sai tana kunne. Mu kuwa mun san halin wuta. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo ma Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, garuruwa sun sha duhu, sai a watan Maris na 2024 aka maido. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, duka biyun maƙiyan na'ura ne.

Abin da zai ɗan kwantar da hankali shi ne, imel na da haƙuri. In na'urar mai aikowa ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, tana ajiye wasiƙar ta riƙa sake gwadawa. Ƙa'ida ta ce a jure kwana 4 zuwa 5, Postfix ma kwana 5 take yi kafin ta mayar ma mai ita. Ɗaukewar awa shida jinkiri kawai take kawowa. Amma in na'ura ta mutu mako guda, wasiƙun kowa da kowa za su koma, kuma in a makon ne wa'adin wani porje ya cika, an yi asara.

Don haka zaɓi biyu ne. Ko a ajiye na'urar a gida, da batir da hasken rana da layin intanet mai lamba tsayayya, ko a yi hayar wuri a ɗakin na'urorin wani kamfani, a cikin ƙasa ko a waje. Layin intanet na salula ko na gida bai dace da wannan aiki ba: lambarsa na canjawa, kuma manyan kamfanoni ba su cika karɓar wasiƙa daga irinsa ba. Ko wanne aka zaɓa, a riƙa kwafe akwatuna ana ajiyewa a wani wuri dabam, kuma lokaci-lokaci a gwada maido da su, a ga ko kwafin na aiki.

Makullai na hannun wa?

Ga maganar da ma'aikata ba su cika son a taso ba. Rufin da ke kare wasiƙa a hanya yake aiki, tsakanin salularka da sabar, da tsakanin sabar da sabar. Takardar shaidar wannan rufi ma ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt tun 2015, ana sabunta ta a kai a kai. Amma da wasiƙa ta sauka akwati, a yawancin tsari mai kula da na'urar na iya buɗe ta in ya so. Yana iya canja kalmar sirrin kowa, yana iya tura kwafin wasiƙun wani ga wani ba wanda ya sani. Raba ɗakuna na kare ku daga maƙwabci, mai gida kuwa sai amana.

Saboda haka a yi yarjejeniya a rubuce: wa ke da babban makulli, a wane hali zai buɗe akwati, wa zai sanar. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma an kafa hukuma don sa ido a kai, wato HAPDP. Likita da ke riƙe da sirrin marasa lafiya, da gidan rediyo da mutane ke aiko ma ƙorafi a ɓoye, su ya fi kamata su yi dogon tunani kan wanda za su zauna gidansa.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi duka: domen ɗin da sunan wa aka yi rajistarsa? Sau da yawa matashin da ya taimaka shi ke sa sunansa da adireshinsa, da kyakkyawar niyya. Shekara biyu ya tafi Libiya ko Aljeriya, takardar tunin biyan haya na zuwa akwatinsa, ba mai gani. Ranar da wa'adi ya cika, wasiƙu su tsaya cak. Ga su .org da .com akwai ɗan lokacin fansa, har da wasu kwana 30 na ƙarshe da ake biyan tara, bayan nan sunan ya koma kasuwa. Duk wanda ya ɗauke shi na iya kafa layin MX nasa, ya riƙa karɓar wasiƙun da ake aiko maku, har ya amsa ma ƴan uwanku da sunanku ya ba su wata lambar tura kuɗi. In kuwa domen na hannun ƙungiya, ko an ɓata da mai sabar, layin MX kawai za a canja, a kwashe tsofaffin wasiƙu, a koma wani gida da adireshi bai canja ba.

Kafin ku sa hannu

In an zo maku da tayin haɗa imel wuri ɗaya, ku zauna da bironku ku yi ma mai tayin waɗannan tambayoyi, kuma a rubuta amsoshin cikin littafin ƙungiya.

Domen ɗinmu da sunan wa yake, yaushe hayarsa ke ƙarewa, kuma mutum nawa cikinmu ke da makullin shafin rajista? Ya zama aƙalla biyu.

Akwatunanmu a ware suke da na sauran ƙungiyoyi? A gwada a gabanku: a aika wasiƙa ga sakatare na gida biyu, a ga kowace ta faɗa inda ya dace.

An yi mana SPF da DKIM da DMARC namu? A aika ma wani ɗan uwa mai Gmail, ya faɗi inda ta sauka.

Ina na'urar take, kuma in wuta ko intanet ya yanke, mi aka tanada?

Ina ake ajiye kwafi, yaushe aka gwada shi na ƙarshe?

Wa ke iya buɗe akwatunanmu, kuma in kai ka yi tafiya ko ka kwanta ciwo, wa zai riƙe?

In muna son tashi, za a ba mu duk wasiƙunmu, cikin kwana nawa?

Ku kuma ƴan uwa mazauna ƙetare, in an ce ku taimaka da kuɗin wannan aiki, ku nemi a turo maku takardar rajistar domen ku ga sunan ƙungiya a kai. Sannan duk ranar da wasiƙa ta zo maku tana cewa an canja lambar tura kuɗi, ko da daga adireshin da kuka sani ne, ku ɗauki salula ku kira shugaba ko ma'aji ku ji daga bakinsu kafin ku aika ko dala.